Takardar gwaji ta ce "staf"? Tsaya tukuna, maigida



Haihuwa ta yi jinkiri, ka daure ka je gwajin maniyyi, Allah Ya saka maka, don da yawa matan kawai suke turawa asibiti. Sai takarda ta fito da sunan wata ƙwayar cuta, galibi wadda ake ce wa staf. Shi ke nan fa, hankali ya tashi.

Ka saurare ni. Wannan ƙwaya tana zaune a fatar mutane masu lafiya da cikin hancinsu. Idan ba ka yi fitsari ka wanke hannu da gaba da sabulu kafin ka ba da maniyyin ba, ko kwalbar ba mai tsabta ba ce, daga fatarka za ta faɗa ciki. Don haka kafin ka sha komai, a sake gwajin yadda ya dace, bayan ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7.

Abin takaici, wasu 'yan uwanmu masu maganin gargajiya sun mai da kalmar nan jari, jarka-jarka ake sayar wa bayin Allah. Ni mai ba da zuma da habbatus sauda ne, amma ba zan ce maka suna kashe ciwon sanyi ba. Idan cuta ta tabbata, likita ne zai duba ƙwayar da maganin da take ji. Kilamidiya, misali, ana ba ta doksisaikilin na kwana 7. Ciwon sanyi kuwa a wurare da yawa ya daina jin sifiro ɗin da ake saya a kemis, sai allura. Ka shanye maganin duka ko ka ji sauƙi. Irin waɗannan biyun da ake ɗauka ta saduwa, kai da iyalinka za a yi wa magani tare, in mata huɗu ne duka huɗun, kuma ku dakata da kusantar juna har a gama.

Sannan ka ji tsoron Allah, kada ka ɗauki takarda ka je kana tuhumar matarka. Akwai ƙwayoyi irin su ikolai da asalinsu daga hanjin mutum ne, su bi ta mafitsara, ba ruwansu da alfasha.

Kada kuma ka yi gaggawar komawa ƙirgen maniyyi. Jiki yana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ya haɗa sabo, don haka sai bayan wata 3 za ka ga ko ya gyaru.

Wassalamu alaikum.