Kwana biyu na farautar lobsta: Me ke haɗa 'yan gari da baƙi faɗa a Florida?

A ranakun Laraba da Alhamis na ƙarshe da ke bin juna a watan Yulin kowace shekara, dubun dubatar mutane kan yi tururuwa zuwa tsibiran Keys da ke kudancin jihar Florida ta Amurka, domin yin nutso a teku su kamo lobsta, wani babban jatan lande mai tsada a kasuwa.

Ga masu otal-otal da gidajen abinci da masu ba da hayar kwale-kwale, waɗannan kwanaki biyu kaka ce. Amma ga mazauna tsibiran da dama, lokaci ne na cunkoso da haɗura da ɓarnar ƙarƙashin teku, abin da ya sa kusan kowace shekara sai an ji masu kiran a soke shirin ko a yi masa kwaskwarima.

Irin lobstan da ake samu a wannan yanki ba shi da manyan almakasai kamar na arewacin Amurka, sai dogayen ƙahoni da ƙayoyi a jiki. Da rana yakan ɓuya cikin ramuka da ƙarƙashin duwatsun murjani, da dare ya fito kiwo. Mai nutso kan tsokane shi da siririyar sanda har ya fito, sannan ya tare shi da 'yar raga.

Asalin shirin

An ƙirƙiro wannan gajeren lokacin farauta ne a tsakiyar shekarun 1970, domin sasanta masuntan da ke kama lobsta don sayarwa da kuma masu nutso don nishaɗi. Manufar ita ce a ba masu nishaɗi damar ɗibar rabonsu kafin masunta su cika teku da tarkuna.

Babban lokacin kamun yana farawa ne ranar 6 ga watan Agusta, ya ƙare ranar 31 ga watan Maris. Daga Afrilu zuwa Yuli kuma a rufe yake, domin a lokacin ne lobsta ya fi hayayyafa.

A shekarar 1992 hukumomi sun mayar da kwanakin biyu daga ƙarshen mako zuwa tsakiyarsa, da fatan rage yawan jama'a. To sai dai matakin bai hana mutane ɗaukar hutu daga wuraren aiki su taho ba.

Gundumar Monroe, wadda ta ƙunshi tsibiran, tana da mutane kimanin 83,000 a ƙidayar shekarar 2020, kuma babbar hanyar mota guda ɗaya tak ce ta ratsa tsibiran. Idan motoci masu jan kwale-kwale suka hau wannan hanya a lokaci guda, ɗan gari ma kan rasa yadda zai kai wurin aikinsa.

Abin da doka ta tanada

Hukumar kula da kifaye da namun daji ta jihar Florida ce ke tsara ƙa'idojin. Dole mai farauta ya mallaki lasisin kamun kifi a teku, da kuma takardar izini ta musamman ta kamun lobsta.

A kwanakin biyu, mutum ɗaya na da izinin kama lobsta 6 a rana a gundumar Monroe da gandun ruwa na Biscayne, yayin da a sauran sassan jihar adadin ya kai 12. An rage rabon tsibiran ne saboda can jama'a suka fi yi wa tsinke.

Wajibi ne tsawon ƙoƙon bayan lobsta ya wuce inci 3, wato kimanin santimita 7.6, kuma a cikin ruwa ake aunawa kafin a hau da shi kwale-kwale. Macen da ke ɗauke da ƙwai haramun ce, haka ma sukar lobsta da mashi, ko cire masa wutsiya kafin a kai gaɓa, domin hakan kan hana jami'ai tantance girmansa.

A gundumar Monroe an haramta nutso da dare a kwanakin. Akwai kuma wuraren da ba a kamu ko kaɗan duk shekara, kamar gandayen Everglades da Dry Tortugas. Taɓa tarkon masunci kuwa babban laifi ne da ka iya kai mutum gidan yari.

Inda gizo ke saƙa

Masu lura da al'amura na ganin cewa dokokin sun fi ƙarfi wajen ƙidayar abin da aka kama, amma ƙorafin 'yan gari ya fi karkata ne ga yadda ake kamun.

Wani baƙon da ba ya shiga teku sai sau ɗaya a shekara kan jefa anka a kan murjani mai rai, ko ya birkice duwatsu yana neman lobsta, ko farfelar injinsa ta yanka ciyawar ƙarƙashin ruwa, inda ƙananan halittun teku ke girma. Irin wannan tabo kan ɗauki shekaru kafin ya warke, kuma murjanin yankin ya riga ya jigata, musamman bayan tsananin ɗumin ruwan teku na shekarar 2023.

Akwai kuma ladubban da ba a rubuta su ba, amma kowane ɗan gari ya san su. Ba a tsayar da kwale-kwale kusa da wanda ya riga ya kama wuri, ba a bin sawun wani don gano raminsa, kuma ba a barin dutse a birkice bayan an duba ƙarƙashinsa. Mai zuwa kwana biyu ya wuce ba lallai ne ya san waɗannan ba, kuma ko ya sani, ba shi zai zauna da sakamakon karya su ba.

Wasu daga cikin ladubban sai da aka mayar da su doka. Bayan koke-koken masu gidajen bakin ruwa, gundumar ta hana nutso a mashigan ruwa na unguwanni, da kuma tazarar ƙafa 300 daga gaɓar da ke da gidaje ko wuraren kasuwanci, a lokacin shirin.

Wata dabarar da ke ɓata wa jama'a rai ita ce ta masu cika adadinsu da safe, su kai gida su ɓoye, su sake komawa teku. Doka ta haramta hakan, to amma jami'an sintiri ba za su iya bin kowane kwale-kwale ba.

Batun rayuka shi ne mafi muni. Kusan kowace shekara akan samu waɗanda suka mutu ko suka jikkata, wasu sanadiyyar bugun zuciya yayin nutso, wasu kuma kwale-kwale ya bi ta kansu. Doka ta tilasta wa masu nutso kafa jar tuta mai farin layi, ta kuma buƙaci matuƙa su ba ta tazarar ƙafa 300 a sararin teku, ko su rage gudu matuƙa.

Wane ne ɗan gari?

A shekarar 2024 gwamnan jihar, Ron DeSantis, ya ƙara rana guda, wato 14 ga watan Yuli, wadda aka keɓe wa mazauna Florida kaɗai. An gabatar da matakin a matsayin fifita 'yan gida, to sai dai masunta da dama a tsibiran ba su yi marhabin da shi ba.

Dalili kuwa a fili yake. A idon mazaunin Key West ko Marathon, mutumin da ya taso daga Miami ko Orlando baƙo ne, ko da yana riƙe da katin shaidar jihar. Don haka ƙarin ranar ƙarin cunkoso ne a wurinsa.

Su ma masuntan suna da hujjarsu. Tun farkon shekarun 1990 ake rage musu yawan tarkuna, daga sama da 900,000 zuwa ƙasa da 500,000, guguwar Irma ta shekarar 2017 kuma ta lalata musu kayan aiki masu yawa. Suna ganin ba adalci ba ne a buɗe wa masu nishaɗi ƙofa kafin masu neman abin sa wa a bakin salati.

Masu nutso don nishaɗi na mayar da martani da cewa teku ta kowa ce, suna biyan kuɗin lasisi, kuma mafi yawan lobstan da ake kamawa a jihar a hannun masunta yake ƙarewa, inda wani kaso mai tsoka ke tafiya kasuwannin ƙasar Sin.

Binciken masana ya ƙara wa muhawarar wani salo. Jaririn lobsta kan shafe watanni yana yawo a igiyar ruwa kafin ya sauka wuri guda, kuma akwai shaidar cewa da yawa daga cikin na Florida daga wasu sassan tekun Karebiyan igiyar ke kawo su. Ke nan yawansu ya dogara har da yadda wasu ƙasashe ke kula da nasu ruwan.

Abin da ke hannun Florida shi ne mazaunin da waɗannan jarirai ke tararwa idan sun iso, wato murjani da ciyawar teku, kuma su ne cunkoson kwanakin biyu ya fi yi wa illa.

Hukumomi dai sun tsinci kansu a halin gaba kura baya sayaki. Soke shirin zai janyo asarar kuɗin shiga ga yankin da ya dogara da yawon buɗe ido, kuma zai iya mayar da turmutsutsun zuwa ranar 6 ga Agusta, lokacin da tarkunan masunta ke cikin ruwa. Barinsa yadda yake kuma na nufin ci gaba da dogaro da ladabin baƙon da zai koma gida ranar Juma'a.