Wai duk naman kazan da ya tsiro a jikin itace ana ci? Ƙarya ne

1/ Jama'a, maganar nan da ake yaɗawa a bidiyo cewa "naman kazan da ya tsiro a jikin itace ba ya kisa, na ƙasa ne mai dafi" ƙarya ce tsagwaronta. Kuma mai bidiyon ba shi zai kwanta a gadon asibiti ba.

2/ Akwai wani ƙarami mai ruwan ƙasa, sunansa Galerina marginata. A ruɓaɓɓen itace yake fitowa, a Turai da Amurka da Asiya. Dafinsa hanta yake ci. Tafasawa ba ta kashe shi, suya ma haka.

3/ Abin tsoron, ba nan take yake nuna kansa ba. Sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa su taso. Daga nan mutum ya ji sauƙi, ya ce ai ya warke, alhali hantar na lalacewa.

4/ Wanda ake ci, ake nomawa, wato Pleurotus, kamanninsa daban: faffaɗa kamar mafici, yana fitowa a jere wani kan wani, layukan ƙarƙashinsa suna gangarowa har jikin gajeriyar ƙafarsa da ke gefe. Kifa shi kan baƙar takarda ya kwana, garin da zai zubo fari ne. Na Galerina kuwa launin tsatsa.

5/ Ko hakan bai isa ba fa. A Japan akwai wani fari fat mai kama da shi, sugihiratake, yana fitowa a jikin matattun itatuwa. Sun daɗe suna cin abinsu. A 2004 ya kashe mutum 17, yawancinsu tsofaffi masu ciwon koda. Mutanen da suka gaji sanin abin kenan.

6/ Sai kai, da hoto ɗaya daga sama, ka tura wa manhaja ta ce "ana ci", ka ɗora tukunya? Haba malam! Manhajar ba ta ga ƙarƙashinsa ba, ba ta san wace bishiya ce ba, ba ta ga launin garinsa ba.

7/ Damina ta kama, kututture duk ya cika da laimar kwaɗi. In marmarin ya dame ka, sayi na gona. In kuma wani ya riga ya ci na daji, a kai shi asibiti yanzu, kar a jira amai, a tafi da ragowar a leda.