Ɗakunan Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa a Jami'o'inmu: Ina Rabon Ɗaliban Isa da Sabon Birni?

Tun daga shekarar 2015 hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu ta ƙasa, wato JAMB, ta jingine takarda da fensir, ta mayar da jarrabawarta kacokan kan na'ura mai ƙwaƙwalwa. Wannan mataki ya sauya matsayin ɗakin kwamfuta a harkar ilimi baki ɗaya. Abin da a da ake kai baƙi su gani ranar bikin yaye ɗalibai, yanzu ya zama ƙofar da tilas kowane yaro ya bi kafin ya shiga jami'a. Bayan ya shiga ma, da na'urar zai yi rajista, da ita zai buga kundin bincikensa, kuma a jami'o'i da dama da ita ake rubuta jarrabawar darussan da suka haɗa kowa da kowa.

A Jihar Sakkwato, da wuya a sami waɗanda wannan lamari ya fi shafa kamar al'ummar ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni. Kamar yadda aka sani, wannan yanki na ƙasar Gobir ya daɗe yana fama da ta'asar 'yan bindiga, abin da ya tarwatsa ƙauyuka ya kuma kawo cikas ga karatun yara. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda dalilan tsaro, kuma Isa da Sabon Birni suna ciki. Ga kuma hanyar da ba a binta sai da addu'a, alhali mafi yawan cibiyoyin jarrabawa suna cikin birnin Sakkwato. Yaron da ya taso a Gatawa ko Unguwar Lalle ko Bafarawa a irin wannan hali, in Allah ya sa ya tsallake ya sami gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato, sau da yawa ɗakin kwamfutar makaranta ne wuri na farko da zai zauna da na'ura a natse. Takwaransa ɗan birni yana iya samun ta yayansa a gida. Shi kuwa in ɗakin yana rufe, shi ke nan.

Saboda haka ya kamata a dubi yadda ake tafiyar da waɗannan ɗakuna da idon basira. Sayen na'urori shi ne ɓangare mafi sauƙi, domin asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA sun saba samar da irin waɗannan kayayyaki ga makarantun ƙasar nan. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an yanke kyalle manyan baƙi sun watse. Wa zai share ƙura, wa zai sauya allon rubutun da ya lalace, kuma daga wane aljihu kuɗin zai fito? Duk wanda ya san yanayin ƙasarmu ya san cewa a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, da hunturu kuma ƙura ba ta barin ko ƙofar da aka rufe. Ƙurar nan kan toshe 'yar fankar da ke sanyaya cikin na'ura, zafi ya taru, na'urar ta riƙa mutuwa da kanta har wata rana ta ƙi tashi. Ɗaki mai kwamfuta ɗari da ba a ware masa kuɗin gyara na shekara-shekara ba, sannu a hankali zai koma ɗakin ajiyar tarkace, alhali a takarda ana nan ana ƙirga ɗari.

Sai kuma batun wutar lantarki, wanda shi ne uwa uba. Cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya sa tayar da janareta ya zama babban nauyi, sannan a watan Afrilu na 2024 aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga masu rukunin farko, har jami'o'i da dama suka koka. Hasken rana, wanda Allah ya hore mana, shi ne mafita mafi kusa. A watan Satumba na 2019 an ƙaddamar da tashar wuta mai haɗa hasken rana mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, ƙarƙashin wani shiri na hukumar samar da wuta a karkara wanda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma take cikin rukuninsa na farko. Sai dai shi ma faifan hasken rana yana son wanki, batura kuma suna da wa'adi. A ganinmu, gara kowane ɗakin kwamfuta ya sami nasa ƙaramin tsari da wani ma'aikaci sananne zai amsa tambaya a kansa, ko da kuwa akwai babbar tasha.

Wannan ya kawo mu ga ma'aikata. A jarrabawar JAMB ta 2025, wani kuskure wajen sabunta manhaja ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, har shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi afuwa aka sake musu jarrabawar. Na'urori suna nan lafiya, aikin kulawa ne ya sami tangarɗa. Haka zalika, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa manhajar Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba sa ɗaukar wadda ta gaje ta. Ƙwararren ma'aikaci yana iya ɗora musu manhajar Linux ta kyauta su ci gaba da aiki, inda babu shi kuwa sai a jira sabuwar kwangila.

Ko ɗakin yana aiki, akwai sauran magana kan wanda ke samun shiga. Idan lokutan buɗewa sun tsaya kan sa'o'in lacca kawai, waɗanda suka riga suka iya su ne za su mamaye kujeru, ɗan ƙauye ya tsaya a baya yana jin nauyin tambaya, musamman ma 'yan mata. Wajibi ne hukumomin jami'a su ware makonnin farko na zangon karatu domin koyar da sababbin ɗalibai tun daga kunna na'ura, a sa manyan ɗalibai su taimaka, kuma ba laifi ba ne a yi bayani da Hausa. Ya kuma dace a tara littattafai da darussa cikin babbar na'ura ɗaya a harabar makaranta, ta yadda karatu ba zai tsaya ba duk ranar da intanet ta ɗauke.

Shugabannin ƙananan hukumomi da sakatarorin ilimi da iyayen ƙasa su ma suna da rawar takawa. Lokacin hutu ɗakunan nan kan zauna babu kowa, ga kuma iyalai da dama daga gabashin jihar da suka yi gudun hijira suna zaune a cikin birni da 'ya'yansu. Yarjejeniya tsakanin ƙaramar hukuma da jami'a, inda za a horas da masu shirin jarrabawa na mako biyu ko uku, ba za ta ci kuɗin da ya kai na gina sabuwar cibiya ba.

Lokaci kuwa yana ƙurewa. A 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana ƙudurin mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta daga 2026, yayin da Majalisar Wakilai ta nemi a ɗaga zuwa 2030 saboda rashin kayan aiki a karkara. Ko yaushe aka tsayar, ya kamata jami'an ilimi na Isa da Sabon Birni su fara tun yanzu da ƙirga na'urorin da ke tashi idan an kunna su a kowace sakandare, su kuma miƙa adadin ga Ma'aikatar Ilimi kafin a rufe kasafin kuɗin baɗi.