Martani: Ƙwayar Mashaƙo Ba Duka Ɗaya Ba Ce

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce tunda ana samun ƙwayar mashaƙo a maƙogwaron masu lafiya, to rigakafi ɓata lokaci ne. Wannan hujja ba ta da tushe.

Kama da wane ba ta wane. Bakteriyar mashaƙo iri-iri ce, kuma mai kisan ita ce wadda wani bairos ya shige ta ya dasa mata ƙwayar gadon da ke sa ta haɗa guba. Tun 1951 Victor Freeman ya nuna cewa irin da ba shi da illa yakan zama mai guba idan bairos ɗin ya kama shi. Gubar tana hana ƙwayoyin jiki haɗa furotin, ta lalata zuciya da jijiyoyi.

Allurar rigakafin gubar ce aka kashe mata dafi, don jiki ya san ta. Shi ya sa wanda aka yi wa yake iya ɗaukar ko da mai gubar ce bai kwanta ba. Annobar da ta ɓarke a Kano a ƙarshen 2022 ta fi kama yaran da ba a yi musu ba. Malam, ka janye maganarka.