Dodon Koɗi Da Turaful A Teburin Gida: A Bar Wuta Ta Yi Aikinta

A 'yan shekarun nan wayar hannu ta kawo mana girke-girken ƙasashen duniya har cikin madafa. Uwargida za ta buɗe YouTube ko Instagram ta ga an jera 'yan ƙananan kayan ƙwalama a kan faranti, kowane loma ɗaya, irin waɗanda Turawa ke ci kafin a kawo babban abinci. Daga cikin waɗanda ake yi wa kallon na manya akwai naman dodon koɗi da aka dafa da bota da tafarnuwa, aka barbaɗa masa wani abu mai tsada da ake kira turaful. Ra'ayina a matsayina na ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma shi ne: wadda take so ta yi wannan girki a gida tana iya yi, har mai juna biyu, amma da sharaɗin ya dahu sosai, kuma kada ta ɗauka tsadar abinci ita ce shaidar tsabtarsa ko amfaninsa ga jiki.

Na san Hausawa da yawa ba sa cin dodon koɗi, wasu don ƙyama, wasu kuma suna da tambaya a kan halaccinsa. Wannan tambaya ta malamai ce, ni maganar lafiya nake yi. To amma muna zaune da maƙwabta masu cinsa, 'ya'yanmu suna karatu da aiki a Legas da Fatakwal da Kumasi inda ake sayar da shi a kasuwa ana kuma raba soyayyensa da yaji a wurin biki. Saboda haka sanin yadda ake sarrafa shi ya shafe mu.

Mene ne waɗannan abubuwa biyu?

Girkin da ya fi suna na yankin Burgandi ne a ƙasar Faransa. Ana dafa wani ƙaramin dodon koɗi mai suna Helix pomatia, a mayar da naman cikin ɓawonsa, a toshe bakin da bota da tafarnuwa da ganyen fasili, a gasa, a kawo shida ko goma sha biyu a faranti. Namu na Afirka ta Yamma, irin su Archachatina marginata da Achatina achatina, sun fi shi girma nesa ba kusa ba, naman ma ya fi tauri, don haka ya fi buƙatar daɗewa a wuta.

Shi kuwa turaful ɗan'uwan naman kaza ne, sai dai a ƙarƙashin ƙasa yake girma, a jikin saiwar wasu itatuwa. Baƙin ya yi suna a yankin Ferigo na Faransa, ana haƙarsa daga Disamba zuwa Maris. Farin kuma na garin Alba ne a arewacin Italiya, ana samunsa daga Oktoba zuwa Disamba. Karnuka ake horarwa su sunsuno shi. Kilo ɗaya na farin yakan kai dubban Yuro, kuma cikin mako guda bayan haƙowa ƙanshinsa ya fara gushewa. Akwai wani dangi nasa da ke fitowa a hamadar Arewacin Afirka da ƙasashen Larabawa bayan ruwan sama, wanda Larabawa ke kira kam'a, shi bai kai wancan tsada ko ƙanshi ba.

Amfanin da ke ciki, ba ƙari ba ragi

Naman dodon koɗi abinci ne mai kyau. A giram 100 akwai furotin mai gina jiki kimanin giram 16, kitse bai kai giram 2 ba, sannan akwai sinadarin ƙarfe mai taimakawa wajen yin jini kimanin miligiram 3.5. Wannan ya sa ba na goyon bayan camfin da ke yawo a wasu sassan Nijeriya cewa idan mai ciki ta ci dodon koɗi za ta haifi yaro mai dalalar miyau ko mai nawa wajen tafiya. Babu wata hanya a jikin ɗan'adam da yauƙin dodon koɗi zai bi ya zama miyau a bakin jariri. Jarirai suna dalalar miyau ne saboda ba su gama iya haɗiya ba, musamman lokacin fitar haƙora, ko uwarsu ta ci dodon koɗi ko ba ta taɓa ganinsa ba. Hana mai ciki abinci mai gina jiki saboda camfi zalunci ne, a ƙasar da ƙarancin jini ke addabar mata masu juna biyu.

Sai dai kuma kada a kai shi inda bai kai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta riƙa shan ƙwayar ƙarfe mai miligiram 30 zuwa 60 a kullum, tare da folik asid maikirogiram 400. Loma huɗu ko biyar na kayan ƙwalama ba za su maye gurbin ƙwayar da ake ba ki a wajen awon ciki ba. Turaful kuwa 'yan giram kaɗan ake sa wa mutum, don ƙanshi kawai. Ba maganin komai ba ne. Kuɗin da za ki kashe a kansa zai cika miki tukunya da wake da kifi da ƙwai da zogale na tsawon lokaci.

Inda haɗarin yake

Babban abin tsoro a ɗanyen dodon koɗi wata tsutsa ce da ake kira Angiostrongylus cantonensis, wadda aka fara ganowa a jikin ɓeraye a birnin Kanton na ƙasar Sin a 1935. Uwar tsutsar tana zaune a jijiyoyin jinin huhun ɓera, 'ya'yanta su fita ta kashinsa, dodon koɗi ya ci kashin ya ɗauka. Idan mutum ya ci dodon koɗin ɗanye ko wanda bai dahu ba, 'ya'yan tsutsar sukan haura zuwa ƙwaƙwalwa su haddasa wani irin sanƙarau. Alamun sukan bayyana bayan mako ɗaya zuwa uku: matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya, amai, da jin kamar ana tsira allura a fata. Yawanci ana warkewa, amma wasu sukan nakasa, wasu su rasu. A 2006 mutum 160 ne suka kamu a birnin Beijin bayan cin dodon koɗin da bai dahu ba a gidan abinci. A Ostireliya wani matashi ya haɗiye irin wanda ba shi da ɓawo a 2010 a cikin wasa da abokansa, ya shanye, ya rasu a 2018. Manyan dodon koɗin Afirka suna cikin waɗanda aka san suna ɗaukar wannan tsutsa. Ban da ita, akwai ƙwayoyin cuta masu sa gudawa da amai, da kuma maganin ƙwarin da dabbar ta kwaso a gona.

Wani zai ce ai mutanen kudu sun daɗe suna ci tun kaka da kakanni ba abin da ya same su. Gaskiya ne, kuma dalilin a fili yake: suna tafasa shi sosai, sannan su soya ko su sa a miya. Matsalar tana zuwa ne daga sabon yayi, inda mai koyar da girki zai ce a ɗan taɓa shi da wuta kawai don kada naman ya yi tauri. Garin neman gira kada a rasa ido.

Turaful shi ma yana da nasa. Daga cikin ƙasa ake tono shi, farin kuma ɗanye ake kankare shi a kan abinci. Ƙasa tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira Toxoplasma, wadda ke fita ta kashin kyanwa. Mai ciki tana iya kamuwa ba ta ji komai ba, amma cutar ta ratsa mabiyiya ta jawo ɓari, ko ta lalata idon jariri, ko ta tara masa ruwa a kai. Don haka shawarata ga mai juna biyu ita ce ta bar ɗanyen turaful sai bayan ta sauka. Haka nan ɗanyen ganye da ba a wanke da kyau ba.

Yadda za ki yi idan kin yi niyya

Da farko ki sayi dodon koɗi mai rai daga wurin masu kiwo ko mai sayarwa da kika sani. Ki taɓa shi, idan ya ja jikinsa ciki yana da rai. Wanda ya mutu ko yake wari, ki yar. Kada ki aiki yara su tsinto a bakin kwata ko gonar da aka yi wa feshi.

Ki sa safar hannu, ko ki ɗaura leda idan kina da rauni a yatsa. Ki zuba su cikin ruwan da ke tafasa su yi minti 5, sannan ki zaro naman, ki yanke kayan cikin ki zubar. Ki cuɗa naman da gishiri da lemon tsami, ki ɗauraye har yauƙin ya fita. Ki sani wannan wanki yauƙi kawai yake cirewa, ba ya kashe tsutsa. Wuta ce ke kashe ta. Ki mayar da naman cikin sabon ruwa da albasa da citta, ya tafasa aƙalla minti 20, ko fiye har sai ya yi laushi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce zafi ya kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyas har cikin tsakiyar abinci. Wuƙa da katakon da kika yi aiki da su, ki wanke da sabulu kafin su taɓa latas ko tumatir ko burodi.

Bayan nan ki yanka naman ƙanana, ki soya sama-sama da ɗan mai kaɗan, tafarnuwa, albasa da attaruhu daidai yadda kike so. Ki yanka burodi ƙanana ki gasa, ki ɗora cokali ɗaya a kan kowane, ko ki soke biyu-biyu a tsinke da yankan tattasai. Idan kin sami baƙin turaful, ki goge ƙasar da buroshi a ƙarƙashin ruwa, ki kankare shi siriri. Idan akwai mai ciki ko tsoho ko marar lafiya a cikin masu ci, ki zuba shi cikin kaskon ya dahu tare da naman. Ƙanshin zai ragu, amma hankalinki zai kwanta.

A kawo wa baƙi da zafinsa. Abin da ya wuce awa 2 a ajiye a waje, musamman a zafin ƙasarmu, kada a ci. Saura kuma a firiji, idan wuta ta tsaya.

Bota, gishiri da man kwalba

Cokali ɗaya na bota ya fi giram 100 na naman dodon koɗi yawan kuzarin da ke sa ƙiba. Wato abin da ke sa girkin Faransawan nan nauyi botar ce. Mai hawan jini, mai ciwon suga da mai ciwon zuciya su rage ta. Na gwangwani kuma a cikin ruwan gishiri yake zuwa, a tsiyaye a ɗauraye. Ki tuna gishirin da babba zai ci a yini ɗaya, har da na dunƙulen miya, bai kamata ya kai giram 5 ba.

Man turaful da ake sayarwa a ƙananan kwalabe, yawancinsa man zaitun ne da aka sa wa ƙanshin da aka haɗa a masana'anta. Ba ya cutarwa, amma ki karanta takardar jikinsa ki san abin da kika biya wa kuɗi. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne jiƙa tafarnuwa ko turaful a cikin mai a gida a ajiye a kan kanta. A cikin mai babu iska, kuma a nan ne ƙwayar Clostridium botulinum ke yin gubar da ke shanye jijiyoyi: gani ya rabu biyu, fatar ido ta faɗi, haɗiya da numfashi su gagara. Idan kin haɗa, ki sa a firiji ki ƙarar cikin kwana 4.

Mai ciwon asma, musamman wanda ƙurar ɗaki ke tayar masa da ciwo, ya yi hattara, domin an tabbatar dodon koɗi yana iya tayar da asma mai tsanani ga irin waɗannan mutane. Naman kaza na daji kuma kada a tsinto a sa a madadin turaful, domin wasunsu dafi ne da ke kashe hanta, dafuwa ba ta karya shi.

Kada a haɗa da tsargiya

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Tsargiya, wato fitsarin jini, ita ma ta hanyar katantanwa take yaɗuwa, amma ƙananan da ke cikin kududdufi da madatsun ruwa da magudanan noman rani. Ba cin su ke kawo ta ba. Tsutsar tana fita daga jikinsu ta shiga ruwa, ta huda fatar mai wanka ko wanki ko kamun kifi. Ga mata tana iya taɓa mahaifa da al'aura, ta kawo zubar jini da ciwon mara. Tana da magani mai suna praziquantel. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ko na ɗansa ya zo asibiti, kada a ce alamar balaga ce.

Maigida, kai ma da kai ake. Idan iyalinka na da ciki tana kwaɗayin wani abu, ka saya mata mai kyau, ka tabbatar ya dahu, ka kuma tabbatar ba ta fasa zuwa awo ba. Ke kuma 'yar'uwa, duk wanda ya ci dodon koɗi a gidanki ya fara ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ko da bayan mako biyu ko uku ne, a garzayo da shi asibiti, a kuma gaya wa likita abin da ya ci da ranar da ya ci, domin wannan bayanin zai taimaka a gano ciwon da wuri.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya sauki masu juna biyu lafiya, amin.