Haƙƙin Ɗan Da Allah Ya Kuɓutar A Kan Iyayensa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, kashe kai haramun ne, aya ta 29 cikin Suratun Nisa'i ta yanke hukunci a kansa. Amma maganarmu a yau a kan matashin da ya yi yunƙurin halaka kansa ne, Allah Ya kuɓutar da shi, aka dawo da shi gida. Abin da galibin iyaye ke fara yi shi ne rufa asirin gida. Uba ya ɗaure fuska, uwa ta yi ta kuka, a tara dangi a yi wa yaro wa'azin wuta, sannan a kulle zancen. Wannan kuskure ne babba.

Imam Muslim ya ruwaito labarin wani mutum da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru Addausi. Ya kwanta ciwo a Madina, ya kasa jurewa, ya raunata hannayensa har ya mutu. Da Ɗufailu ya ba da labarin mafarkin da ya yi da shi, sai Annabi (SAW) ya roƙa masa gafara har ga hannayen nasa. To, idan wanda ya riga ya tafi ya sami wannan tausayi, ina ga wanda yake numfashi a ɗakinka?

Likitoci sun tabbatar cewa watannin farko bayan yunƙurin su ne mafi haɗari. Don haka a kwashe fiya-fiya da maganin ƙwarin gona da tarin ƙwayoyi daga gidan, kada kuma a bar shi yana kwana shi kaɗai. Uba ya zauna da ɗansa, ya tambaye shi kai tsaye ko har yanzu tunanin yana zo masa. Tambayar ba ta cusa tunanin, sauƙi take kawowa. Idan ya buɗe baki, a saurara. Bashi ne, ko faɗuwa jarrabawa, ko auren dole, kada a katse shi da gori.

Sai neman magani. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, kuma akwai asibitocinsa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware, da Maiduguri. Ruƙya ta shari'a da addu'a ba su hana ganin likita. Abin da muke tsawatarwa a kai shi ne kai yaro wurin boka, wanda shirka ce, ko gidan mari. Ba mu manta ba yadda a shekarar 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu da mari a ƙafa, kuma iyaye ne suka kai mafi yawansu da hannunsu.

Idan likita ya rubuta magani, uwa ta riƙe shi a wurinta, ta riƙa ba shi na kowace rana, uba kuma ya raka shi duk ranar da aka ce ya koma asibiti.