Ruwan Tiga Da Gumin Manomi: Wa Ke Riƙe Da Lissafin?

A shekarar 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sake lissafin arzikin Nijeriya, aka wayi gari arzikinmu ya kai kimanin dala biliyan 510, mun wuce Afirka ta Kudu. An yi ta murna a Abuja. Amma ko tiya ɗaya ta masara ba ta ƙaru a rumbun manomin Doguwa ba, domin mudun awo kawai aka sauya, aka bar farashin 1990 aka koma na 2010.

'Yan'uwa masu karatu, girman arziki daban, albarkar aiki daban. Masana tattalin arziki suna raba abin da ƙasa ta samar da yawan sa'o'in da aka yi aiki, su ga abin da gumin mutum ɗaya ya haifar. Haka kuma suke yi wa jari, wato madatsun ruwa, injuna da hanyoyi: naira nawa aka zuba, me ta dawo da shi? Shekara ɗaya ba ta nuna kome, sai an jera shekaru goma ko ashirin, an kuma cire hauhawar farashi. In ba haka ba, wanda ya sayar da buhun shinkafa ninki biyar na kuɗin da zai ɗauka ya ci gaba, alhali buhunan da yake girba ba su ƙaru ba, taki kuwa ya fi shinkafar tashi.

To, mu zo gida. An gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan kuwa ta dajin Falgore da ƙasar Tudun Wada yake gangarowa, ya cinye gonakin mutane kafin ya tafi shayar da Kadawa, Kura da Bunkure. An tsara kadada 22,000 a kashin farko, aka daɗe ba a cika su ba, kachalla da yashi suka toshe magudanai har sai da aka nemi rancen Bankin Duniya a 2014 don gyara. Ba mu musun cewa Tiga ta ciyar da dubbai. Sai dai duk wanda zai yabe ta, ya sa asarar masunta da manoman fadamar Hadejia da Nguru a cikin lissafi, tun da ruwan da aka tare nasu ne ya ragu.

Kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa ma abin dubawa ne. An buɗe shi a 2016, ya yi ta tsayawa saboda rashin isasshen tumatir. Injin da ke tsaye jari ne a takarda kawai.

Shawararmu ita ce Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are ta riƙa bayyana, kowace shekara kuma da Hausa, kadada nawa aka shayar da buhu nawa kowace ta bayar. Ƙungiyoyin manoma na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa kuma su buɗe littafi: kwanakin ƙwadago, har da na mata masu turara shinkafa da ba a taɓa ƙirgawa, kuɗin taki da na tarakta, da abin da ya shiga rumbu.